Ciwon matsuwar fitsari: lambar cutar da lissafin kuɗin jinya

Ciwon matsuwar fitsari shi ne fitsari ya kama mutum farat ɗaya, da ƙarfin da ba zai iya riƙe shi ba, ko da mafitsara ba ta cika ba. Yawanci yana tafiya da yawan zagayawa, fiye da sau 8 a yini da dare, da tashi cikin dare. Wasu fitsarin yana kuɓuce musu kafin su kai makewayi, wasu kuma suna kaiwa da ƙyar. Ma'anar da likitoci ke aiki da ita ta fito ne a 2002 daga ƙungiyar ƙwararru ta duniya kan riƙon fitsari, kuma tana da sharaɗi: ba a kiran ciwon da wannan suna sai an tabbatar babu ƙwayar cuta a hanyar fitsari, babu kuma wani ciwo bayyananne da ya jawo alamun.

Wannan sharaɗi shi ke da nauyi a wuri irin Damagaram, domin abubuwa da dama suna kama da ciwon. Tsargiya, wadda ake ɗauka a ruwan tabki, tana fusata mafitsara. Ciwon suga yana sa yawan fitsari. Dattijo mai kumburin furostat, wato ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, yana kwana yana tashi fitsari. Matar da ta sha doguwar naƙuda kuwa, in mafitsararta ta huje, fitsari na zuba mata dare da rana ba tare da ta ji matsuwa ba, kuma maganinta tiyata ce. Saboda haka likita yana fara da awon fitsari da na suga, ya nemi majinyaci ya riƙa rubuta lokacin shan ruwa da na zagayawa har kwana 3, in da hali a duba abin da ya rage a mafitsara bayan an yi fitsari.

Lambobin cutar

Hukumar Lafiya ta Duniya tana da kundin da ya bai wa kowace cuta lamba. Ƙasashe masu aiki da Faransanci, har da Nijar, suna kiransa CIM, masu Ingilishi kuma ICD. An amince da bugu na 10 a 1990. A cikinsa wannan ciwo ba shi da lambar kansa: ana saka shi a N32.8, tare da sauran cututtukan mafitsara. Amurka ta faɗaɗa kundin, ta fara aiki da nata a ranar 1 ga Oktoba 2015, inda ciwon ya samu N32.81. In akwai kuɓucewar fitsari ana ƙara N39.41, in kuma ta haɗu da wadda tari ko atishawa ke jawowa ana rubuta N39.46. Muddin bincike bai ƙare ba, alamar kaɗai ake rubutawa, kamar R35.0 ta yawan fitsari ko R39.15 ta matsuwa. Bugu na 11, wanda ya fara aiki a 1 ga Janairu 2022, ya ware wa ciwon gurbi nasa.

Masu kama da shi kowanne yana da tasa lamba: N39.0 ga ƙwayar cuta a hanyar fitsari, B65.0 ga tsargiyar mafitsara, N40 ga furostat, N82.0 ga hujewar mafitsara zuwa farji. In matsalar daga jijiya ta taso, kamar bayan rauni a lakar baya, tana shiga rukunin N31. Babban haɗari shi ne a saka mai hujewar mafitsara a lambar matsuwa, a sallame ta da ƙwayoyi, ta koma ƙauye da ciwon da ake iya ɗinkewa.

Lissafin kuɗi

A Amurka lamba ce ke buɗe aljihun kamfanin inshora. Takardar neman biya tana ɗauke da lambar cuta da lambar aikin da aka yi, wadda ake ɗauko wa daga wani kundi mai suna CPT na ƙungiyar likitocin ƙasar. Allurar Botox, maganin da ke sassauta tsoka, cikin mafitsara 52287 ce, motsa jijiyar ƙafa da lantarki kuma 64566. In lambobin biyu ba su dace ba, ana ƙin biya. Kamfanoni sukan kuma nemi shaidar cewa an gwada horar da mafitsara da ƙwayoyi irin su oxybutynin, solifenacin ko mirabegron kafin su yarda da aiki mai tsada.

A Zinder, wato Damagaram, lamarin ya bambanta. Yawancin majinyata daga aljihunsu suke biya, a ƙaramar cibiyar lafiya da ake kira CSI ko a asibitin ƙasa: kuɗin ganin likita daban, na awo daban, na farmasi daban. Tsarin jinya kyauta da Nijar ta kafa wajen 2006 ya shafi yara 'yan ƙasa da shekara 5, tiyatar haihuwa da tazarar haihuwa, bai kai ga wannan ciwo ba. Masu inshora ta wurin aiki kuwa ana cika musu takardar neman biya. Amfanin rubuta cutar daidai a nan ya fi karkata ga rijistar asibiti da ƙididdigar da ake aika wa ma'aikatar lafiya ta manhajar DHIS2. Ciwo ne da kunya ke hana faɗa, musamman ga mata da tsofaffi masu fama da riƙe alwala, don haka wanda ya daure ya zo, in aka rubuta masa "ciwon mara" kawai, ba zai shiga lissafin da ake dubawa wajen odar magani ba.