Wankin tankin man mota bayan gyara

Wankin tanki aiki ne na fitar da ɓurɓushin ƙarfe, tsatsa, ƙura da ruwa daga cikin tankin man mota bayan an yi masa walda, ko an huda shi, ko an canza masa wani sashe. A garejoji irin na Apo da ke Abuja, mai walda ne ke yin gyaran, bakanike kuma shi ke sauke tankin ya mayar, don haka sau da yawa wankin kan faɗa tsakaninsu, kowa na ganin aikin ɗan'uwansa ne. Alhali gyaran tanki bai kammala ba sai an wanke shi ya bushe.

Abin da ke sa a taɓa tanki

Yawanci yoyo ne, bayan cikin mota ya daki dutse ko tudun rage gudu. Wasu direbobin dogon zango kan sa a ƙara wa tanki girma ko a ɗaura na biyu. Akwai kuma masu mayar da tsohuwar mota daga kafireta zuwa injekta, wato tsarin da ke fesa mai cikin inji, aikin da kan buƙaci sabon famfo da bututun da ke dawo da ragowar mai. Tun bayan da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, an samu ƙarin dalili: motocin da aka mayar masu amfani da iskar gas ta CNG suna riƙe da tankinsu na fetur, man da ke ciki ya yi watanni ba a taɓa shi ba, har ya lalace ya bar danƙo a ƙasan tanki.

Illar abin da aka bari a ciki

A yawancin motocin injekta, famfon mai yana cikin tankin ne, a nutse, kuma man ne ke sanyaya shi. A bakinsa akwai 'yar rariya mai laushi. Idan garin ƙarfe ya toshe ta, famfon zai riƙa kuka yana zafi har ya ƙone. Wanda ya tsallake rariyar yana cin cikin famfon, sannan ya isa filta, wadda a irin waɗannan motoci take tare ƙwayar da girmanta ya kai kimanin maikuron 10 ko fiye (maikuron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), alhali kaurin gashin kai ɗaya ya kai kusan maikuron 70. Abin da ya kuɓuce wa filta kuwa nozul, wato bakin da ke fesa man, yake toshewa. Ruwa ya fi fetur nauyi, don haka ƙasa yake kwantawa, daidai inda famfo ke zuƙa. Alamomin sanannu ne: mota na fizga, ba ta ja a hawa, ta mutu a cunkoson Nyanya ta ƙi tashi sai ta huce. Mai mota ya je kasuwar kayan mota ta Zuba ya sayo sabon famfo, bayan ɗan lokaci shi ma ya mutu, a ɗora laifin kan mai sayar da kaya, dauɗar kuwa tana nan kwance.

Haɗarin tururi

Tankin da aka juye ya fi cikakke haɗari. Tururin fetur ne ke kama wuta, kuma yana fashewa ne idan ya kai tsakanin kashi 1.4 zuwa 7.6 cikin 100 na iskar da yake ciki. Cikakken tanki tururinsa ya yi yawa, babu isasshiyar iska. Wanda aka juye kuwa iska ta shiga ta gauraya da shi. Tururin ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa ya taru a ramin gareji, tartsatsi ɗaya daga gurenda ko guntun taba ya isa.

Wasu masu walda kan zura tiyo daga salansar wata mota zuwa cikin tanki don hayaƙi ya kori tururin. Dabarar ta daɗe, amma ba abin dogaro ba ce, domin hayaƙin injin da ba shi da lafiya yana ɗauke da man da bai ƙone ba, kuma yana barin baƙin toka da laima waɗanda sai an sake wankewa. Abin da ya fi aminci shi ne a wanke tanki da ruwan zafi da sabulu tun kafin wuta ta kusance shi, a cika shi da ruwa har kusa da inda za a yi waldar. Haka nan ba a zuƙe ɓurɓushi da injin shara mai lantarki, ba a kuma leƙa ciki da ashana.

Yadda ake wankewa

Ana fara cire fiyus ɗin famfo a bar injin ya ci man da ke bututu har ya mutu, sannan a cire kan batir. A juye man a jarka, a sauke tanki, a ciro famfo da ma'aunin geji. Daga nan sai ruwan zafi da garin sabulu. Idan tankin ƙarfe ne mai tsatsa, ana jefa guntun sarƙa ko notuna a ciki, yara biyu su kama shi su yi ta girgizawa kamar ana kaɗa nono a gora. A ƙirga notunan kafin a zuba, a ƙirga bayan an fitar, saboda cikin tanki akwai shingayen da ke hana mai tambal-tambal, kuma a bayansu abubuwa ke maƙalewa. Maganaɗisu a bakin waya yana kwaso garin ƙarfe daga lunguna, amma ba ya ɗaukar alminiyom ko roba. Tsatsar da ta ci jiki ana jiƙa ta da ruwan asid na fosforik. Tankin roba, wanda shi ne a yawancin motocin zamani, ba ya tsatsa kuma ba a masa waldar wuta. Sabulu da tsumma marar zare sun wadatar.

Busarwa ita ce matakin da aka fi yi wa gaggawa, kuma ita ce mafi muhimmanci. Ƙarfen da aka kankare yana fara sabuwar tsatsa cikin 'yan sa'o'i idan an bar shi da laima, musamman da damina. Ana hura masa iskar kwamfuresa, a shanya shi a rana bakinsa na kallon ƙasa. Da hunturu bushewa ba ta da wuya, amma ƙura ce abin tsoro, don haka a rufe kowace ƙofa da tsumma mai tsabta.

Gwajin ƙarshe mai sauƙi ne. A zuba lita ɗaya ko biyu na sabon fetur, a girgiza, a tace shi ta farin ƙyalle. Idan an ga jan gari ko ƙyalli-ƙyallin ƙarfe a ƙyallen, a sake wankewa. Man da ya zauna a kwalba mai haske kuma zai nuna ruwa a ƙasa in akwai.

Mayarwa

Ana sa sabuwar rariya, sabuwar filta da sabuwar robar bakin famfo, a hura bututan mai da iska. Gam ɗin silikon da wasu ke shafawa a madadin robar, fetur na kumbura shi, ya gutsuttsure ya faɗa ciki. Ruwan wankin da tsohon man ba a zuba su a kwata. A tara su a jarka mai murfi, nesa da wuta. Bayan motar ta sha man tanki ɗaya ko biyu, yana da kyau a sake buɗe filtar a duba, a canza ta idan an tarar da saura.