Gwajin Bakin Mahaifa Ya Nuna Matsala: Shin Zan Iya Haihuwa Bayan Haka?

An ce sakamakon gwajina ba daidai yake ba. Ke nan na kamu da sankara?

A mafi yawan lokuta, a'a. Ana yin gwajin ne domin a gano canjin da ke faruwa a ƙwayoyin halittar bakin mahaifa tun kafin su rikiɗe su zama sankara, kuma abin da ke haddasa canjin kusan kullum shi ne ƙwayar cutar HPV. Cikin kowane mutum goma da suka ɗauke ta, kimanin tara garkuwar jikinsu kan kawar da ita cikin shekara 2 ba tare da magani ba. Ko da ta ƙi tafiya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa canjin kan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin ya zama sankara a jikin mace mai ƙarfin garkuwa, ko shekara 5 zuwa 10 idan garkuwar ta raunana, kamar a jikin mai ɗauke da HIV da ba ta shan magani.

Daga ina na samo ta? Shin maigidana ne ya ci amanata?

Ta hanyar saduwa ake ɗaukarta, amma takan kwanta a jiki shekaru da dama ba tare da wata alama ba, don haka gwaji ba ya iya nuna lokacin da aka ɗauke ta ko wanda ya kawo ta. Bai kamata a gina zargi a kan wannan takarda ba.

Me za a yi mini yanzu?

Yawanci za a kira ki domin a duba bakin mahaifar da kyau da na'ura mai ƙara girman abu, binciken da ake kira kolposkofi. Za ki kwanta kamar yadda kika yi a gwajin farko, a shafa wani ruwa mai tsami wanda ke sa wurin da ya canja ya yi fari, wani lokaci kuma a tsinci ɗan nama ƙanƙane a kai ɗakin bincike. Duka aikin bai cika wuce minti 20 ba. Ana kasa canjin mataki uku gwargwadon tsananinsa, ana kiran su CIN 1, CIN 2 da CIN 3. CIN 1 yakan warke da kansa, shi ya sa ake sa ido kawai a maimaita gwaji. CIN 2 da CIN 3 su ne ake yi wa magani, ko dai a kashe ƙwayoyin da zafi ko da sanyi, ko kuma a yanke ɗan wurin da wata siririyar waya mai aiki da lantarki, aikin da ake kira LEEP.

Wannan magani ba zai hana ni samun ciki ba?

Wannan ita ce tambayar da mata da yawa kan haɗiye a gaban likita, su koma gida su kwana suna juyayi a kanta. Aikin yana tsayawa ne a bakin mahaifa. Ba ya kaiwa ga cikin mahaifar da jariri ke zama, ba ya taɓa ƙwai ko bututun da ƙwai ke bi, kuma binciken da aka yi bai nuna cewa yana rage damar ɗaukar ciki ba. Wannan ne ya sa mafi yawan matan da aka yi wa LEEP suke ɗaukar ciki, su kuma kai shi watanninsa lafiya.

Sai dai akwai abin da ya kamata a faɗa a fili. Bakin mahaifa shi ne ke riƙe ciki a rufe har lokacin naƙuda, saboda haka idan aka yanke nama mai zurfi, musamman wanda ya haura milimita 10 zuwa 15, ko aka maimaita aikin fiye da sau ɗaya, haɗarin haihuwar bakwaini ko ɓari a tsakiyar ciki yakan ɗan ƙaru. Nadiran kuma tabo kan tsuke ƙofar, wanda ake iya buɗewa. Don haka ki tambayi likitarki zurfin abin da aka cire, ki sa a rubuta miki, ki kuma nuna takardar ranar da kika fara zuwa awo. Da wannan bayani za a riƙa auna tsawon bakin mahaifar da hoto, idan an ga yana gajarcewa a ba ki maganin furojestaron, mai taimakawa wajen riƙe ciki, ko a yi wa bakin mahaifar ɗinki. A ganina, jinkirta magani saboda tsoron rasa haihuwa ya fi maganin haɗari nesa ba kusa ba, domin idan abin ya kai ga sankara, cire mahaifa baki ɗaya yana cikin hanyoyin da ake bi.

Idan kuma ina ɗauke da juna biyu yanzu fa?

Ki sanar da su. Kolposkofi ba ya cutar da ciki, kuma idan ba a ga alamar sankara ba, akan ɗage magani zuwa kimanin wata 3 bayan haihuwa.

Yaya zan yi da fargabar jiran sakamako?

Fargabar ba abin kunya ba ce, kuma ta fi tsanani idan mace ta riƙe ta ita kaɗai. Ki faɗa wa mutum ɗaya da kika amince da shi, ya raka ki asibiti idan hali ya yi, ki kuma rubuta tambayoyinki a takarda tun daga gida, domin ruɗewa kan sa a manta su. Idan kina shan taba, barinta na taimaka wa jiki wajen kawar da ƙwayar cutar. Idan damuwar ta hana ki barci ko cin abinci makonni a jere, wannan ma abin faɗa wa ma'aikatan lafiya ne.

Yaushe zan iya neman ciki bayan magani?

Akan buƙaci a dakatar da saduwa na kimanin mako 4 domin wurin ya warke, kuma fitar ruwa ko ɗan jini a wannan tsakani ba abin tsoro ba ne, sai idan jinin ya yi yawa, ko ruwan ya yi wari, ko zazzaɓi ya biyo baya. Likitoci da yawa sun fi son a jira gwajin da ke tabbatar da cewa maganin ya yi aiki, wanda ake yi bayan wata 6 zuwa 12, gwargwadon tsarin da ake bi a inda aka yi miki aikin.