Yadda Taurari Ke Samar da Zafi da Haske

Tauraro ƙaton dunƙule ne na iskar gas mai zafi da ke ba da haske da kansa. Ranar nan da ke gasa mu a Kaduna cikin watan Maris ita ma tauraruwa ce, kusanci ne kawai ya sa ta fi sauran girma a ido, kimanin kilomita miliyan 150 ne tsakaninmu, haskenta na isowa cikin minti 8 da 'yan daƙiƙu.

Da yawa sun ɗauka wuta ce ke ci a ciki irin ta murhu. Ina! Da gawayi ne ai da 'yan dubban shekaru sun isa ta zama toka, alhali shekarunta sun kai biliyan 4.6. Maganar duk ta matsi ce. Nauyin tauraron ke danne tsakiyarsa, kuma duk wanda ya taɓa famfon mai faci bayan an gama buga wa keke iska ya san iska in ta matsu zafi take yi. To a cibiyar rana zafin ya kai digiri miliyan 15, a nan ƙwayoyin haidurojin, wato iskar gas ɗin da ta fi yawa a jikin rana, ke gwabza karo har su manne, huɗu su koma ƙwaya ɗaya ta wata iskar gas da ake kira hiliyom, sai dai hiliyom ɗin bai cika nauyin huɗun ba, ana samun giɓin kashi 0.7 cikin ɗari, wannan giɓin ne ke zama zafi da haske kamar yadda lissafin Einstein na 1905 ya nuna. Kar a raina shi fa, tan miliyan 600 na haidurojin rana ke cinyewa duk daƙiƙa ɗaya.

Masanin taurari Arthur Eddington ne ya fara hasashen haka a 1920, masanin kimiyya Hans Bethe ya warware lissafin, aka ba shi kyautar Nobel a 1967.

Hasken ba ya fitowa nan take, yakan yi dubban shekaru yana kai-komo a ciki kafin ya iso fatar rana, inda zafin ya sauko zuwa wajen digiri 5,500. Launi ma na tona asiri, tauraro mai shuɗi-shuɗi ya fi mai ja zafi nesa ba kusa ba. In an ɗauke wuta ka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, duba Kaza da 'Ya'yanta, masu hasken cikinsu shuɗaye ne, sun fi rana zafi. Ita kuwa Zara matar wata ba ta cikin wannan lissafi, wata duniya ce mai kewaya rana irin tamu, hasken rana take aro.