Waiwaye: Chavez ya miƙa wa unguwanni mulki, ya riƙe bakin jaka

A Fabrairun 1989 aka ƙara kuɗin mai da na mota a Venezuela. Talakawan Karakas, babban birnin ƙasar, suka fantsama kan tituna, sojoji suka buɗe musu wuta, ɗaruruwa suka mutu. Daga nan manyan jam'iyyun ƙasar biyu, AD da COPEI, suka fita daga ran jama'a. Wannan fushi ne ya ɗauki Hugo Chavez, hafsan sojan da ya gwada juyin mulki a 1992 bai yi nasara ba, ya kai shi fadar shugaban ƙasa a zaɓen 1998.

Alkawarinsa shi ne za a dama da talaka kullum, ba sai ranar zaɓe ba. Kundin tsarin mulkin 1999 ya ba jama'a ikon yi wa duk wani zaɓaɓɓe kiranye, har shi shugaban. A 2006 aka yi dokar majalisun unguwa: iyalai 200 zuwa 400 a birni su taru, su zaɓi wakilai, su tsai da aikin da suke so, ko famfo ne, ko kwata, ko gyaran gidaje. A yi wa tsarin adalci, mata da yawa na unguwannin marasa galihu a nan suka fara riƙe aikin al'umma.

Matsalar tana wajen kuɗi. A ƙarƙashin dokar 2006, wani kwamiti ne na fadar shugaban ƙasa ke yi wa majalisun rajista, kuɗin man fetur kuma daga sama yake saukowa, ya tsallake gwamnoni da shugabannin ƙananan hukumomi. Unguwar da ke jiran kuɗin aikinta daga fada, da wane baki za ta soki mai fadar?

Kiranyen ma ya zo da nasa tabon. Chavez ya tsallake na 2004, amma an wallafa sunayen waɗanda suka sa hannu a takardar neman tsige shi, da yawa kuma suka koka cewa an kore su daga aikin gwamnati. Da ɗan adawa Antonio Ledezma ya ci kujerar magajin garin Karakas a 2008, sai aka kwashe yawancin ikonsa aka ba wadda shugaban ƙasa ya naɗa.

Chavez ya rasu a Maris 2013. Da 'yan adawa suka nemi yi wa magajinsa Nicolas Maduro kiranye da wannan kundi na 1999, hukumar zaɓe ta dakatar da tattara sa hannun a Oktoban 2016.