Waiwaye kan binciken sauye-sauyen sauti a Sifaniyanci, Fotugisanci da Hindi

Nazarin furuci ya girmi ilimin harsuna na zamani da ƙarnuka masu yawa, kuma a Indiya aka fara yin sa da tsari, inda malaman Sanskrit, tsohon harshen Indiya, irin su Panini suka rarraba baƙaƙe bisa gurbin furucinsu tun kafin haihuwar Annabi Isa. A Turai kuwa, Antonio de Nebrija ya wallafa nahawun Sifaniyanci a 1492, Fernão de Oliveira ya biyo baya da na Fotugisanci a 1536.

Abin da ya haɗa harsunan uku a fage ɗaya shi ne jawabin William Jones a Kalkata a 1786, wanda ya nuna cewa Sanskrit da Latin da Girkanci tushensu ɗaya; Sifaniyanci da Fotugisanci daga Latin suka fito, Hindi kuma daga tsatson Sanskrit. Daga nan ne masana ƙarni na 19 suka duƙufa kan kwatanta kalmomi, har wasu matasan malamai a Leipzig ta ƙasar Jamus suka yi iƙirarin cewa sauyin sauti yana bin doka wadda ba ta da togaciya. Misalan da suka tara suna da ƙarfi. Kalmar Latin ta ƙofa, porta, ta zama puerta a Sifaniyanci amma ba ta sauya ba a Fotugisanci, wanda shi kuma ya zubar da n tsakanin wasula har luna ta koma lua. A Hindi, sapta ta Sanskrit, wato bakwai, ta bi ta satta kafin ta zama saat, an sauƙaƙa baƙaƙen sannan aka tsawaita wasalin.

Gardama ta fi zafi kan dalili. Ramón Menéndez Pidal, a bincikensa na 1926 kan asalin Sifaniyanci, ya danganta komawar f zuwa h, kamar farina da ta zama harina, da tasirin harshen Baskawa na arewacin Sifen. Hujjar tana da ma'ana, sai dai ba ta gamsar da kowa ba, domin irin wannan sauyi yana faruwa inda babu Baskawa ko kusa, kamar yadda Bahaushe ke jin fuɗu da huɗu a bakin mutanen garuruwa daban-daban.

Na'urorin auna sauti da suka fito a shekarun 1940 sun sauya salon aikin. John Ohala ya kawo ra'ayi a 1981 cewa sau da yawa mai sauraro ne tushen sauyi, wato ya ji sauti ba yadda aka nufa ba sannan ya maimaita shi haka, Manjari Ohala kuma ta yi gwaje-gwaje kan sautukan Hindi. Wannan ra'ayi ya fi bayyana dalilin da ya sa Fotugisanci da Hindi, duk da nisan da ke tsakaninsu, kowanne ya samu wasula 'yan hanci bayan faɗuwar n, kamar a mão ta Fotugisanci, wato hannu, wadda ta fito daga manus ta Latin, da kalmar haƙori ta Hindi wadda ta fito daga danta ta Sanskrit.