Bin Hanyar Dalton a Hunturu: Tambayoyi da Amsoshi

Wace hanya ce wannan, kuma ina ta nufa?

Tana arewacin jihar Alaska ta Amurka. Ta tashi daga kusa da Livengood, arewa da birnin Fairbanks, ta miƙe har Deadhorse da ke kusa da gaɓar Tekun Arctic, tsawon kilomita 666. An gina ta a 1974 domin aikin bututun mai na Alaska, kuma sai a 1994 aka bar jama'a su bi ta har ƙarshe. Har gobe hanyar masu tirela ce. Su ke da ita, kai baƙo ne.

Sanyin ya kai yadda ake faɗa?

Ya wuce. A Prospect Creek, wani wuri da ke gefen wannan hanya, aka auna sanyi mafi tsanani a tarihin Amurka: digiri 62 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyos, cikin Janairun 1971. Digiri 40 ƙasa da sifili kuwa ba labari ba ne a can. A irin wannan yanayi, in da iska, fatar da ba a rufe ba tana iya daskarewa cikin 'yan mintuna. Mutum ya cire safar hannu don ya kwance noti ɗaya, kafin ya gama yatsun sun daina jin ƙarfen da suke riƙe da shi.

To mene ne babban haɗarin?

Jira. Daga Coldfoot, wani ɗan zango a kan hanyar, zuwa Deadhorse kusan kilomita 385 ne, babu gidan mai, babu bakanike, babu mai shayi. Ya fi nisan Kano zuwa Kaduna nesa ba kusa ba. Yawancin hanyar kuma wayar salula ba ta kamawa. Muddin injin yana aiki kana cikin ɗumi. Da zarar ya mutu, motar ta zama akwatin ƙarfe, sanyin waje yana shigowa a hankali. Saboda haka a ganina kowane kaya da za ka ɗauka, ka auna shi da tambaya guda: in motar nan ta tsaya, zan iya kwana biyu a cikinta?

Yaya ake shirya motar?

Wanda ya taɓa shiga Fairbanks da hunturu zai lura da 'yar wayar lantarki tana reto a gaban kusan kowace mota. Ta na'urar ɗumama inji ce, galibi haɗe da ta batir da ta kaskon baƙin mai. A wuraren ajiye motoci akwai soket a jikin turaku, ana jonawa kafin a shiga ofis ko masauki. In ba haka ba baƙin mai ya yi kauri kamar zuma, batir ya yi rauni, da safe ka murɗa makulli shiru.

Bayan wannan, tayoyin hunturu na gaske, safaya biyu, da ruwan lagireto mai jure sanyin wurin. Mai motar dizal ya tabbatar man hunturu aka zuba masa, domin na yau da kullum yana daskarewa ya toshe matata. Duk gidan man da ka gani, cika tanki, ko da rabi kawai ka ƙona. Mai niyyar hayar mota kuma ya yi tambaya tun farko, don kamfanoni da yawa sun hana a hau wannan hanya da motarsu.

Me za a sa, me za a ɗauka?

Sutura hawa-hawa, ta ulu ko zaren roba a jikin fata. A guji auduga, tana riƙe gumi, jiƙaƙƙen kaya kuwa shi ke janye ɗumin jiki. Jakar barci mai jure tsananin sanyi ga kowane mutum, shebur, igiyar ja, tocila da ƙarin batura, ɗan risho na narka ƙanƙara, da abincin da ba ya son girki: dabino, gyaɗa, cakulan. Ruwa a cikin fulas, a ajiye shi kusa da mutane, ba a but ba. Sai na'urar aika saƙo ta tauraron ɗan'adam. Wannan kada a yi tsumulmular kuɗi a kanta.

Yaya ake zama lafiya da masu tirela?

Ka bar fitilunka a kunne ko da rana. In ka hango tirela, rage gudu ka matsa gefe a hankali, amma kada ka zurfafa, domin dusar bakin hanya tana ɓoye rami. Kada ka tsaya a kan gada, kwana ko gangara. Direbobin suna magana da juna ta rediyon CB, wato oba-oba ta cikin mota, a tasha ta 19, kuma mai ita zai ji abin da ke gabansa, musamman a Atigun, mashigin da ke tsaunukan Brooks mai tsayin kusan mita 1,440, inda dusar ƙanƙara kan zaftaro daga tsauni ta rufe hanya. Kafin ka tashi, duba Alaska 511, shafin da jihar ke ba da rahoton yanayin hanyoyi, ka kuma shaida wa wani lokacin da kake sa ran isa.

In motar ta maƙale fa?

Kada ka bar ta. Mai ceto zai ga mota kafin ya ga mutum. Kunna inji na ɗan lokaci kowace awa, amma tukuna ka fita ka share bakin salansa. In dusa ta toshe shi, iskar guba marar wari za ta cika motar, mutum ya ji barci kawai. Ka ɗan sassauta gilashi guda.

Musulmi fa, yaya zai yi da lokutan salla?

A Deadhorse rana ba ta fitowa daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu, sai ɗan haske kamar na almuru da tsakar rana. Malamai da yawa sun ce a irin wannan wuri a ƙaddara lokuta da na gari mafi kusa da ake bambance dare da rana. Ga kuma rangwamen matafiyi na ƙasaru da haɗa salloli. Mai shafa a kan huffi ya sa su da alwala tun a masauki, kada ya zo yana wanke ƙafa a bakin titi.