Harsunan da ake rubutawa daga dama zuwa hagu

Harsunan da ake rubutawa daga dama zuwa hagu su ne waɗanda mai rubutu ke sa alƙalami a gefen dama na takarda ya ja layi zuwa hagu. Littattafansu ma daga ɓangaren da ɗan boko ke ɗauka ƙarshe ake buɗe su. Fitattu a cikinsu su ne Larabci, Ibrananci, Farisanci, Urdu, Fashto, Sindi, Uigur da Kurdancin Sorani.

A gaskiya alƙiblar rubutu ta haruffa ce, harshe aronta yake yi. Mai jin Urdu da mai jin Hindi za su yi ciniki a kasuwa ba tafinta, amma in aka zo rubutu, na farko ya fara daga dama, na biyu daga hagu. Harshen Malta ɗan'uwan Larabci ne na jini, da haruffan Latin ake rubuta shi. Turkanci kuwa ya sauya hannu a 1928, lokacin da Mustafa Kemal Ataturk ya soke haruffan Larabci.

Tushen yawancinsu shi ne rubutun Finikiyawa, mai haruffa 22, wanda ya bunƙasa a gaɓar Labanon ta yau kimanin shekaru 3,000 da suka wuce. Daga gare shi rubutun Aramiya ya fito, shi kuma ya haifi na Ibrananci, na Suriyanci da na Larabci mai haruffa 28. Girkawa ma a wurin Finikiyawa suka ara. Sun daɗe suna rubutu irin huɗar shanu, layi ɗaya ya tafi, na biye ya dawo, kafin su tsaya a kan hagu zuwa dama.

Musulunci ne ya kai haruffan Larabci nesa, kowace al'umma ta gyara su daidai bakinta. Farisawa sun ƙara huɗu, suka zama 32. A ƙasar Hausa gyaran shi ne ajami. Yaro a makarantar allo yakan fara da babbaƙu, yana bin yatsan malam daga dama yana rera "ba, sin, mim ara", sannan ya shiga farfaru ya koyi wasulla. Da malamai suka zo rubuta Hausa, sai suka tarar da sautukan da Larabci bai san su ba. Suka ba "ɗa" harafin ɗa mai hannu, suka ƙara ɗigo suka samu "tsa", suka ɗauko ɗigon imala na ƙira'ar Warshu ya zama wasalin "e". Da irin wannan rubutu Nana Asma'u (1793–1864) ta yi waƙoƙinta na Hausa da Fulfulde, kuma har yau da shi aka rubuta "naira dubu" a jikin takardar ₦1,000.

Afirka ta Yamma ta ƙirƙiro nata rubutun da ke tafiya daga dama. Solomana Kante ya tsara N'Ko a 1949 don harsunan Mandinka, Bambara da Jula. A ƙarshen shekarun 1980 wasu yara biyu 'yan gida ɗaya a Gini, Ibrahima da Abdoulaye Barry, suka fito da Adlam don Fulfulde, abin da ya cancanci a jinjina musu. A tsibiran Maldibs kuma akwai rubutun da ake kira Tana, wanda haruffansa tara na farko daga lambobin Larabci aka ciro su.

Lambobi su ne inda lamarin ke sarƙewa. Balarabe yana rubuta jimla daga dama, amma in ya iso 1445, lambar takan zauna daga hagu zuwa dama. N'Ko da Adlam ba su bi wannan ba, har lambobinsu daga dama suke tafiya. Haɗuwar alƙibla biyu a layi guda ce ta sa aka tsara wa kwamfuta ƙa'ida ta musamman a Unicode, tsarin haruffan kwamfuta na duniya, wanda ya karɓi N'Ko a 2006, Adlam kuma a 2016.